Amsa ga 'yar'uwar da ke son shiga daji da ɗan jagora a Kuala Lumpur

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki idona ya ciko, kamar ni na rubuta ta shekara uku baya. Kin ce wata biyar ke nan da zuwanku, maigida yana makaranta tun safe sai dare, ke kaɗai a ɗaki, kin ga tallar wani mai kai mutane yawon daji ranar Asabar, kina tambaya ko ki biya. Ki fita, don Allah ki fita ki sha iska. Amma ba da kowane ɗan jagora ba.

Ni ma a Facebook na ga nawa. Na tura masa kuɗi tun kafin ranar, mu goma sha ɗaya ya tara, ya ce wani daji ne wajen Hulu Langat a jihar Selangor, awa biyu shiga awa biyu fita. Ban san shiga gandun dajin gwamnati a Selangor sai da takardar izini ba, ashe ba shi da ita, shi ya sa ya bi da mu ta bayan wata gona. Tun a hawan farko na fara haki. Shi kuwa ko waiwaye, ya ja samarin suka yi gaba suna ɗaukar hoto. Sau biyu ina kiransa, ya ɗaga min hannu kawai. Wajen ƙarfe uku sama ta yi baƙi, ruwa ya tsinke, na duba gaba na duba baya, babu kowa. Waya babu sabis. Abayata ta jiƙe ta yi nauyi tana kama ƙafafuna. Da na sunkuya zan tattare ta sai na ga safata ta yi jawur da jini, matsattsaku ne, wanda suke cewa pacat, har huɗu sun maƙale a idon sawuna. Na zauna a kan wata saiwa ina kuka, ina Innalillahi, ina tunanin yarona da na bari wajen maƙwabciya, ina tunanin wa zai gaya wa mahaifiyata. Wata dattijuwa 'yar Malay da muka zo tare ce ta ƙirga mutane ta ga babu ni, ta dawo baya ita kaɗai. Allah ya saka wa makcik ɗin nan, wato inna a yarensu, da Aljanna. Da muka fito, mutumin nan ko sannu. Cewa ya yi laifina ne da na zo da irin wannan kaya. A gaban mutane fa! To me ya hana shi gaya min ranar da yake karɓar kuɗina? Har yau in na tuna fuskarsa zuciyata sai ta yi zafi.

Saboda haka kafin ki tura ko ringgit ɗaya, ki ce ya nuna miki izinin shiga da shaidar cewa shi jagora ne mai rajista. Ki tambaye shi wa zai tsaya a bayan layi. In ya ce shi kaɗai ne da mutum goma, ki haƙura.

Ni da za ki ji tawa, ki fara da dajin Bukit Nanas, gindin hasumiyar KL Tower, tsakiyar gari. Tun 1906 aka keɓe shi, ƙarami ne, ba inda za ki ɓata. Daga nan sai FRIM, cibiyar binciken dazuzzuka ta Malaysia da ke Kepong, can ne tsorona ya fita bayan kusan shekara ban ƙara shiga daji ba. Jagororinsu na wurin ne, ana yin rajista tun kafin a je. Wadda ta kai mu ta gaya mana dajin duk dasa shi aka yi tun shekarun 1920 a filin da haƙar kuza ta lalata, kuma a 2025 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Ta ce mu ɗaga kai ƙarƙashin bishiyoyin kapur, sai ga rassansu can sama ba sa taɓa juna, haske na bi ta tsakani kamar tsagewar laka in ta bushe. Subhanallah, na daɗe a tsaye.

Ki sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa, hijabi mara tsawo, ki cusa ƙafar wandon cikin safa. Takalmin robar nan da suke kira adidas kampung ya fi mai tsada riƙe ƙasa. Ki shiga da sassafe ki fito kafin azahar, ruwan nan da yamma ya fi zuwa. Matsattsaku in ya kama ki, ki sa farce ki ture bakinsa, jinin zai ɗan jima yana zuba saboda yawunsa na hana shi daskarewa, kada ki firgita kamar ni. In kina bakin rafi kika ga ruwan ya koma ja yana ɗauko ganye, ki hau tudu nan take, kepala air ke nan, wato ambaliyar da ke gangarowa kwatsam. Kada ki riƙe leda a hannu, birai za su biyo ki.

Kuma 'yar'uwa, zaman kaɗaicin nan ki gaya wa maigida gaskiya, kada ki ce lafiya lau alhali ba lafiya ba. Ni na ɓoye, na sha wuya. In kin shirya zuwa Bukit Nanas ki turo min saƙo a keɓe, Asabar nake da sarari, sai mu haɗu a tashar Dang Wangi ƙarfe takwas in sha Allah.