Ku Tambayi Kawu: tsohon katako, taya da durom

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tunda na ɗan taɓa maganar kujerun da ake yi da tsohuwar taya a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu na yabo wasu kuma na cewa Kawu ya koma ɗan jari bola. To na ji. Guda huɗu na tsinto, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, dan Allah shawara nake nema. Zan aurar da 'yata bayan sallah kuma wlh kuɗin kayan ɗaki ya fi ƙarfinmu, sai wani kafinta a layinmu yace zai haɗa mata gado da wadrof da madubi da tsofaffin ƙofofi da katakon da aka ciro daga wani gida da aka rushe, kuɗin ma kusan rabi ne. Amma ƙannena sun tada min hankali wai abin kunya ne, dangin ango za su ce mun kai yarinya da kayan bola. Ya zan yi? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya sa albarka ya kai mu lokacin. Bari in fara tambayar ƙannen naki, wannan gadon mai ƙyalli da suke so a siyo sun san da me aka yi shi kuwa? Yawancinsu MDF ne, wato garin katako aka cakuɗa da gam aka matse shi ya zama allo aka lulluɓe da wata takarda mai sheƙi. A ido kam ba laifi. Amma bari ruwa ya shiga ɗakin sau ɗaya da damina ko amarya ta dinga goge ƙasa ruwa na taɓa gindinsa, sai kiga ya kumbura kamar burodi ya fara marmashewa, in kuma gidan haya suke aka zo tashi aka kwance shi to sukurorin ba za su ƙara kamawa kamar da ba. Na sha ganin amaryar da ko arba'in ɗin haihuwar fari bata yi ba an tallafe ƙafar gadonta da bulo.

Tsohuwar ƙofa kuwa, in aka dace irin ta gidajen da ce, za ki tarar maɗaci ne ko iroko, itacen da ya shekara talatin ko arba'in yana shan hunturu da bazara, duk wani lanƙwashewa da tsagewa da zai yi ya riga ya gama yi. Sabon katakon da ake saukewa a 'yan katako sau da yawa da sauran ɗanyensa, shi ya sa ake kawo wadrof lafiya lau da damina, iskar hunturu na kaɗawa ƙofar ta ƙi rufuwa.

Sai dai kar ki bada kuɗi ki koma gida ki kwanta. Ki tura ɗanki ko ke da kanki ki je ki ga katakon kafin a fara aiki. A duba ko akwai ƙananan huji-huji da wani gari mai laushi yana zubowa, in akwai to ƙwaro na ciki, a ajiye wannan gefe. A ƙwanƙwasa a ji, wanda gara ta cinye cikinsa ƙararsa holoƙo ce. Sannan maganar fenti, wannan ita ta fi damuna, tsofaffin fenti na mai da yawansu akwai dalma a ciki, kuma mu nan arewa ba sai an mana wa'azin gubar dalma ba, mun ga yadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da dai can daga duwatsun zinare ta fito. Don haka kar a goge fentin da sanfefa a bushe a tsakar gida yara na wasa a wajen, a kankare shi a shago, ana jiƙawa, mai aikin ya rufe hancinsa, a tattare ɓawon a zubar nesa.

Dangin ango kuma, Hajiya, in an fere katakon an goge an shafa masa banish sai wanda kika gaya wa ne zai sani. 'Yan ganin ɗaki labule suke kallo da jere da katifa. Ki sa rarar kuɗin a katifa mai kyau sabuwa, ita kam ban yarda da tsohuwa ba.

TAMBAYA: Salam Kawu, na gama bautar ƙasa shekara biyu kenan ba aiki, ina ganin hotuna a Instagram ana yin kujeru da tebura da palet, katakon nan da ake jera kaya a kai cikin kwantena, da kuma durom da taya. Ina so in shiga harkar amma ban taɓa riƙe zarto ba, ta ina zan fara? Wani matashi daga Kano.

AMSA: Ɗana, ta wajen oga za ka fara, ba ta Instagram ba. Ka nemi kafinta ko mai walda ka zauna ƙarƙashinsa ko da wata shida ne ka jure aike da tsawa, digirinka ba zai rage komai ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake maida ƙarfen da aka yar ya zama injin niƙa da ƙofa da kurfoti ya san ilimin nan a hannu yake.

Palet kuma kafin ka siya ka juya gefensa, waɗanda suka tsallako ƙasa da ƙasa akwai hatimi da ake buga musu. In ka ga HT, zafi aka ba shi har cikin katakon ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don ƙwari su mutu, wannan ba matsala. In ka ga MB to wani gas mai guba aka turara masa, ni dai bana yin teburin cin abinci ko gadon yaro da shi. Wanda kuma ka ga tabon mai ko wani abu ya zuba a kai ko yana wari, barshi ko kyauta ne, baka san me ya ɗauko ba. Kuma ka sani palet araharsa yaudara ce, ƙusoshinsa masu murɗi ne basa fita ta daɗi, za ka iya ɓata yini guda kana ɓarewa rabin katakon ya tsage a hannunka, in baka sa wannan yinin cikin lissafin farashi ba to kai kake biyan kwastoma.

Durom shine inda nake so ka buɗe kunne da kyau. Wanda aka zuba fetur ko tina ko wani sinadari a ciki ko ya shekara a bushe tururin na nan, tartsatsin giranda ɗaya ya ishe shi ya fashe, an rasa rayuka ta haka. A buɗe murfin, a wanke da omo, a cika shi da ruwa sannan a yanka. Na maganin feshi kuwa kar ma ka kawo shi shagonka. Amma in ka iya shi akwai rufin asiri sosai, akwai wani mutumin Burkina Faso, Hamed Ouattara, a Wagadugu yake, da tsofaffin durom na mai yake ƙera kabad da kujeru, baya ma ɓoye tsatsar da tsohon fentin, kuma kayansa har Turai da Amurka ake nuna su. Shawarata ka fara da ƙananan abubuwa, benci, teburin mai shayi, kantar takalma, abin da ɗan unguwa zai iya ciro kuɗi ya biya yau.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni malama ce a wata firamare, gaban makarantarmu ya zama juji, robobin lemo da leda ko'ina. Ni da wasu matasan unguwa muna so mu gyara wajen mu yi wurin zama da ɗan ado da irin wannan sharar, yara su sa hannu, amma bamu da kuɗi kuma muna tsoron a yi mana dariya. Wata malama daga Maraɗi.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, dariya kam za a yi, kwana uku ne. Kuma ku mutanen Nijar ai ku ne malamanmu a wannan fanni, duk wanda ya zaga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukwane, a buɗe durom a yi akwati da murhu. Ko mu da muna yara wa ya siya mana mota? Gwangwanin madara ne da murfin kwalba da silifas ɗin da ya tsinke muke yanka tayoyi, iyayenmu na jan ruwa da gugan tib suna kunna aci-balbal. Sunan ne kawai yanzu ya zama na turawa.

Ga abin da zan ce ku yi. Robobin nan ku sa yara su tara, a ɗura musu busasshen yashi a dinga dannawa da sanda har sai robar ta yi tauri kamar dutse, a rufe. Sai a jera su kwance kamar tubali ana sa kwaɓaɓɓiyar ƙasa ko siminti tsakani, ga benci ya tashi. Ba tatsuniya bace, a 2011 an gina gida sukutum da dubban irin waɗannan robobi a Sabon Yelwa kusa da Kaduna, har 'yan jarida na waje suka zo kallo. Sai dai ku yaɓe saman, don ranar Maraɗi in ta daki roba shekara da shekaru tana sa ta ta yi ƙamas ta farfashe. Tayoyi kuma a binne rabinsu a ƙasa a yi musu fenti su zama shinge, wadda za a bari a kwance a huda ta ko a cika ta da ƙasa a shuka wani abu, in ba haka ba ruwa ya kwanta ciki kun buɗe wa sauro gidan haya a ƙofar aji. Kuma kar wanda ya ƙona taya don ciro wayar ciki, hayaƙin nan masifa ne.

Adon bango kuwa murafen robobi sun ishe ku, ja da shuɗi da ɗorawa, a manna su kan ɗanyen siminti a fitar da dagi ko tutar ƙasa ko haruffa. In wani ya raina, ki bashi labarin El Anatsui, mai fasaha ɗan Ghana da ya zo koyarwa jami'ar Nsukka a Najeriya a 1975, shi da murafen kwalabe yake aiki (na barasa ne dai, ku naku na lemo ne alhamdulillahi), ana daddaƙe su a ɗinke da wayar tagulla har su zama kamar wani ƙaton zani, kuma ba shi kaɗai yake yi ba, matasa ne da yawa suke zaune suna ɗinkin. A 2023 aikinsa ne ya cika babban zauren Tate Modern, gidan baje kolin kayan fasaha da ke Landan.

Abu ɗaya da ke kashe irin wannan aiki shine a gama a ɗau hoto kowa ya watse. Tun kafin ku ɗaga roba ɗaya ku je wajen mai unguwa da liman da shugaban makaranta, a sa ranar gayya, a kuma samar wa mutane wani wajen zuba shara, don matan da suka saba aiko yara da bola nan gobe ma za su aiko. A ba kowane aji bencinsa da zai dinga kula da shi.

TAMBAYA: Kawu wani ya kawo min tallan katakon titin jirgin ƙasa guda shida da araha, masu kauri sosai, ina so in yi teburin falo. Wani magidanci daga Gusau.

AMSA: Alhaji kar ka siya. Na farko a ina ya samo su? Kayan hukumar jiragen ƙasa ne, in ba takardar gwanjo a hannunsa kai da shi duk kuna iya kwana a caji ofis. Na biyu irin wannan katako an jiƙa shi da wani baƙin mai mai kama da kwalta don kar ya ruɓe, da zafi ya taso zai dinga tsatsafowa yana wari, yana ƙona fata, ba abin sawa a falo bane balle a ci tuwo a kai. In kauri kake so ka kewaya inda ake rushe tsofaffin gidajen ƙasa ka nemi azarar giginya, gara bata cika damunta ba, sai dai ka gaya wa kafintan ya shirya wasa zartonsa sau biyu.