Ƙwayar Zarra, Miskali da Kanwa

Tambaya: Malam, zarrar da ke cikin "ya yi masu zarra" ita ce ta "ƙwayar zarra"? (Ɗalibi daga Runjin Sambo)

A'a, ɗana. Ta farko 'yar gida ce, dangin "zarce". Ta biyu baƙuwa ce daga Larabci.

Tambaya: Ina koyar da kemistiri a sakandare. Daidai ne in riƙa kiran atam ƙwayar zarra? (Malama daga Mabera)

Daidai ne, Malama, Larabawan yau ma da zarra suke kiransa. Amma ki san abin da kika ɗauko. A tsohon Larabci zarra 'yar mitsitsiyar tururuwa ce irin kiyashi, ko ƙurar nan da ake gani tana yawo in hasken rana ya ratso ɗaki. Ta makarantar allo ta shigo bakinmu, daga ƙarshen Suratuz Zalzala, inda aka ce wanda ya aikata alheri gwargwadon nauyin zarra zai gan shi. Daga nan muka samo "bai da tausayi ko ƙwayar zarra".

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu shirye-shiryen rediyo da har gobe suke cewa zarra "abu ne da ba ya rabuwa". Haba! In ba ta rabuwa, da me aka ƙera makamin ƙare-dangi? Tun 1897 Thomson ya gano ilektaron a Ingila. A 1911 Rutherford ya nuna kusan duk nauyin zarra a cibiyarta yake dunƙule, a 1932 kuma Chadwick ya gano nutiron. A cibiya firoton da nutiron suke, ilektaron na kewaye, kuma yawan firoton ke raɗa wa sinadari suna: shida kabon ne, takwas oksijin.

Ki lura da kalmar da ta zo gaban zarra a ayar, "misƙala". Ita ce miskalin da fatake suke auna zinariya da shi, kalmar da samarin yanzu ko jin ta ba su taɓa yi ba, sai "giram" kamar da shi aka haife su. To, masana kemistiri ma da nasu miskalin. Zarra ba ta hawa sikeli, kwatanta ta ake yi, kuma tun 1961 ma'aunin shi ne kashi ɗaya cikin 12 na nauyin kabon-12, wato zarrar kabon mai firoton shida da nutiron shida. Saboda haka in aka ce oksijin 16 ne, ana nufin ya ninka wannan ma'auni sau 16. Yaron da ya liƙa wa wannan lamba "giram", ki ja masa kunne.

Tambaya: Me zai hana a kira aisotof "tagwaye"? (Mai karatu daga Wamakko)

Lissafi zai hana. Tagwaye biyu ne, haidirojin kuwa aisotof uku aka san shi da su, kuza goma. Aisotof zarra ce mai firoton daidai da 'yar uwarta, nutiron ya bambanta, nauyi ya bambanta. Shi ya sa kilorin ke ɗauke da nauyin 35.5: kusan uku cikin huɗu masu 35 ne, sauran masu 37. A bar kalmar yadda take har a samu wadda ta fi ta.

Tambaya: Baba, mene ne "kar" a cikin "kanwa ta kar tsami"? (Wata ɗiyarmu daga Gidan Igwai)

"Kashe" ce aka gutsure, ɗiyata, ba "kar" ta hani ba. Ana faɗin haka in rigima ta mutu, a kan kuma ƙara da "ƙwannafi ya kwanta". Magabata da harshe suka gwada, suka kuma dace. Tsami aikin ayon ɗin haidirojin ne, wato zarrar da ta rasa ilektaron ɗinta ta zama mai caji. Sinadarin kabonet da ke cikin kanwa ke kama ayon ɗin, a samu ruwa da iska. Iskar ce kumfar da kike gani in kin jefa kanwa cikin ruwan tsamiya.