Amsar kawu a kan sunan Lincoln

Ɗana, saƙonka ya iso. Ya sanyin Ingila? Ka ce abokin aikinka Bature ya samu ƙaruwa, ya sa wa yaron Lincoln, kai kuwa gari ka sani da wannan suna, shi ne kake tambaya ko al'adarsu ce a raɗa wa jariri sunan gari.

Al'adarsu ce, amma sunan ya sha tafiya kafin ya sauka a kan jariri. Asalinsa ruwa ne. Mutanen wurin, tun kafin zuwan Rumawa, "lindon" suke ce wa tafki, kuma tafkin yana nan har yau a cikin garin, Brayford Pool, inda kogin Witham ya buɗe. Rumawa suka kafa sansani a kan tudun, daga baya suka zaunar da tsofaffin sojojinsu, suka kira wurin Lindum Colonia. Baki ya yi ta cin kalmomin nan biyu har suka dunƙule. Harafin "l" na biyu ma a rubuce kawai yake, Linkon ake cewa.

Daga nan sai abin da mu ma muka sani. In mutum ya bar garinsu, da garin ake kiransa, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur. Sai dai su Turawa, jikoki suna gadon laƙabin ko da ba su taɓa taka garin ba. Wani Samuel Lincoln ya ƙaura daga Ingila zuwa Amurka a 1637, kuma daga tsatsonsa Abraham Lincoln ya fito, shugaban ƙasa na 16, wanda ya yi shelar 'yanta bayi a 1863, aka harbe shi a 1865.

A ganina wannan mutumin ne ya saya wa sunan farin jini, tafki kam an manta da shi. Yawanci iyaye takwara suke yi wa yaro, wasu kuma daɗin faɗi kawai ya ja su. Haka Preston da Clifford, duk wurare ne tun asali. Mu dai a nan muka rabu da su: garin yana bin bayan suna, ban taɓa jin liman ya raɗa wa yaro Zungur ranar suna ba.

In ka je barka, ka tafi da 'yar riga ta jariri, ka tambayi uban wane Lincoln yake nufi. Ka gaishe min da mai ɗakinka.