Tafiyar dare a jirgin ƙasa da yara uku: ya za mu yi da wurin kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu je hutu Turai da yaranmu uku, ƴan shekara 2, 5 da 9, kuma muna so mu hau jirgin ƙasan nan mai gadaje da ake kwana a ciki. An ce ƙananan yara kyauta ne. Don Allah zai yiwu da yara kuwa ko wahala kawai za mu sha?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Zai yiwu sosai, yara ma sun fi manya jin daɗinsa don rangajin jirgin nan da nan yake sa su barci, amma duk daɗin tafiyar ko wahalarta tun wajen yankan tikiti ake yanke shi, shi ya sa zan fi daɗewa a nan.

Maganar kyauta gaskiya ce amma da sharaɗi. A Nightjet, wato jiragen dare na kamfanin ÖBB na Ostiriya da suka fara aiki a 2016, yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya biya, a Caledonian Sleeper mai tashi daga Landan zuwa Sikotland kuma wanda bai kai 5 ba, sai dai fa ba a ba shi gado, a jikinki zai kwana. To gadon nan faɗinsa bai wuce santimita 60 zuwa 70 ba, babba ɗaya ma da dabara yake juyi. Mai shekara 2 ɗin za ki iya lallaɓawa da shi, ki sa shi ta jikin bango ke kina ta baki. Amma mai shekara 5 wallahi ki saya masa gadonsa ko da an ce kyauta ne, in ba haka ba ki kwana kina karɓar shuri a haƙarƙari, gari ya waye kin sauka a garin da kika zo gani idonki jajir.

Na biyu, ku kama ɗakin gaba ɗaya. Taragon dare kusan kala uku ne, akwai na kujeru wanda sam ban ba ki shawararsa ba da yara, akwai mai gadaje 4 ko 6 da ake haɗa mutum da baƙi in bai sayi duka ɗakin ba, sai ɗakin kwana na sosai mai gado 1 zuwa 3 da ɗan wurin wanke hannu, wasu har da banɗaki a ciki. Ku biyar ne, kinga mai gado 6 in kun samu shi ya fi muku, ku kulle ƙofarku ta ciki ba wanda zai tsuke fuska don yaro ya yi kuka ƙarfe biyun dare. Wasu sabbin taragon gado 4 ne kawai, a nan gadaje sun ishe ku in ƙaramin yana jikinki. In kuma ɗakuna biyu za ku ɗauka ki tambaya ko akwai masu ƙofar tsakani, Caledonian suna da su amma sai an nema tun wajen saye. Irin waɗannan ɗakunan na iyali ƴan kaɗan ne a kowane jirgi kuma su ke fara ƙarewa lokacin hutun makaranta, ki saya da watanni kafin tafiyar, kar ki ce sai an matso.

Batun wa zai hau sama kuwa tun a gida a gama shi, don rigimar da za a fara yi kenan da an shiga. Gadon sama na babban yaron ne ko na Baban, shi ma sai kin duba ragar ko ƙarfen da ke tare mai barci kin tabbatar an maƙala shi da kyau, in babu ki tambayi ma'aikacin taragon. Ƙananan biyu a ƙasa, ba roƙo ba kuka. Tsanin nan ma abin wasa ne a wurinsu, in mai cirewa ne a ajiye shi gefe sai lokacin hawa. Sama ta fi zafi, ƙasa ta fi sanyi, ki sa musu kayan da za a iya ragewa.

Kaya: da an shimfiɗa gadaje ba sauran filin buɗe akwati. Ki haɗa ƴar jaka ɗaya ta dare, kayan barci, famfas, buroshi, silifas na zuwa bayi, caja, ruwan sha don na famfon jirgi ba na sha ba ne, da leda ko biyu saboda amai. Fasfo da tikiti su kwana kusa da kanki, ana iya ƙwanƙwasa ƙofa a kan iyaka cikin dare. Keken yaro in ba mai naɗewa ba ne ki bar shi.

Abin da ya fi damuna da iyaye shi ne barin yaro ya fita shi kaɗai. Jiragen dare da yawa ana raba su a hanya ana cikin barci, misali wanda ke zuwa tsaunukan Sikotland a Edinbara ake yanka shi gida uku, wani ya nufi Inverness, wani Aberdeen, wani Fort William. Mai shekara 9 zai ce shi babba ne zai je bayi ya dawo, ki raka shi, kuma ki sa ya haddace lambar taragonku da ta ɗakin. Wannan girgiza da ƙarar ƙarfe da za ki ji jirgi na tsaye tsakar dare aikin rabawar ne, ki gaya musu tun da wuri kar su firgita. In an tsaya a wata tasha kuma kar kowa ya sauka miƙe ƙafa.

Da safe ma'aikaci kan tashe ku kafin isowa, amma ki sa ƙararrawar wayarki ta riga shi da kamar rabin awa, don layin bayi na tsawo a lokacin kuma shirya yara uku a ɗakin da ba wurin juyawa ba ƙaramin aiki ba ne. Za ku sauka da sassafe, yawancin otal kuwa sai wajen biyu ko uku na rana suke ba da ɗaki, ki yi musu magana tun kafin ku taso su karɓi akwatunan, kuma in akwai wani jirgin da za ku canza ki bar tazarar awa biyu ko fi a tsakani don jirgin dare na yawan makara.