Hajiya, raƙumi ba ya kai mutum ƙolin Ɗur Sina

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi ina karanta tambayarki sai da na ajiye waya na dafa gwiwata, don abin da kika rubuta kamar labarina ne aka ba ki. Kin ce yaronki da ke karatu a Azhar yana so in kin je Alƙahira ya kai ki Dutsen Ɗur Sina, irin hawan nan na dare da ɗan jagora don a ga fitowar rana daga sama, ga ki da ciwon gwiwa, kuma mai shirya tafiyar ya ce ba komi ba ne, raƙumi zai kai ki har ƙoli. To ba gaskiya ba ne. Raƙumi yana da inda yake tsayawa, daga nan akwai matakala wajen 750 na dutse, kuma ba matakala irin ta bene ba ce, duwatsu ne aka jera, wani ya kai gwiwa wani guntu wani yana motsi in kin taka, wannan kuwa ƙafarki ce za ta yi shi ba ta kowa ba.

Ni ma haka aka ce min. Kuma abin da har yau yake ci min rai shi ne wanda ya faɗa min ba Balarabe ba ne balle in ce bai san mu ba, ɗanmu ne, ɗan nan Damagaram da ke zaune can yana haɗa mutane da masu motoci yana cin kamasho. Ya zo har ɗakin da na sauka ya durƙusa ya gaishe ni, Tanti kaza Tanti kaza, ya ci tuwon da na tuƙa da kukar da na ɗauko tun daga gida, na tambaye shi sau uku na ce ɗana gwiwata fa ba ta da kirki, ya yi dariya ya ce haba Tanti, ke da kika girma a Birni cikin duwatsu, ai kamar ki hau dutsen bayan fada ne. Kamar dutsen Birni! Dutsen da tsayinsa mita 2285 ne, mu kuwa garinmu duka bai kai mita 500 a kan teku ba. Ya ce kuɗin da na ba shi komi da komi ne, mota da jagora da raƙumi da abinci. Da muka isa can mota kaɗai aka biya, da jagora ɗaya na mutum fiye da goma. Ya saka mu mota ni da ƙanena ya ce yana zuwa zai sayo ruwa, ban sake ganinshi ba har na baro Masar, wayarshi ta yi ta ƙara ba ya ɗauka, daga baya ma a kashe. Ba kuɗin ke damuna ba Allah ya sani, na yi asarar da ta fi wannan a kasuwar Dole ban yi kuka ba, amma yaron da ya ci abinci da hannu a kwanona ya dube ni ya tura ni cikin sanyin nan da silifas, wannan ne ban iya mantawa. Na ce na yafe amma duk lokacin da jaura ta sauko gwiwa ta motsa sai ya faɗo min a rai.

E, da silifas na je, da safa ɗaya da mayafi da ƴar rigar sanyi irin wadda muke sawa da asuba a hunturu. Watan Janairu ne. Hajiya duk sanyin da kika sani na nan, ko na Agadas ne, ajiye shi gefe, can ƙanƙara take sauka a kan duwatsun a wannan lokaci. Ƙauyen Santa Katarin ɗin da ake farawa daga shi ma ya fi mita 1500. Mun yi wajen awa 7 a mota, mun bi ta ramin Ahmad Hamdi da ya ratsa ƙarƙashin mashigin Suwez, ga kontrol ɗin ƴan sanda a hanya ba iyaka, ki riƙe fasfo ɗinki a jiki kar ki ce kin bar shi a masauki, shi ma yaronki ya ɗauki nashi da takardar zamanshi.

Wajen ƙarfe 1 na dare muka fara hawa. Dole ne a ɗauki jagora, mutanen wurin ne, Larabawan daji ƴan ƙabilar Jabaliya, Musulmi ne, kuma ba zan zage su ba don ɗayansu ne ya cece ni. Amma namu yaro ne mai jini a jika, sauran ƴan tafiyar kuma Turawa ne matasa da takalman hawa da sanduna da fitila a goshi, shi burinshi ya kai su sama kafin rana ta fito, ni kuma taku ashirin sai na tsaya numfashi, ƙirji kamar an ɗora min buhun gero. Na ɗauki raƙumi da kuɗina daban. Ki ji abin dariya, ni da na tashi ina ganin raƙuman Buzaye kullum, sai a Masar na fara hawan raƙumi, cikin duhu, gefen hanya kwazazzabo, sirdin katako yana cin cinya, ina ta Hasbunallahu mai raƙumin yana dariya. Amma ya taimaka gaskiya, hanyar raƙuman doguwa ce tana ta lanƙwasa, da ƙafa da ban kai ko rabi ba.

Inda aka sauke ni nan ne abin ya faru. Ƴan tafiyarmu sun riga sun wuce, ƙanena ya ce bari ya bi su ya tsayar da jagoran, ya tafi da tocila, ni kuma na ce bari in riƙa hawa a hankali da hasken waya. Sanyi ya shanye batir, wayar da ke da rabi ta mutu tik. Ban san ko matakala nawa na hau ba, silifas ɗaya ya tsinke, na zauna a kan dutse yatsuna ba na jin su, mutane suna wucewa da fitilunsu kowa da yarensa ba wanda ya ce min ci kanki, iska tana shiga ta ƙarƙashin zane kamar ana zuba min ruwan randa. Na yi kuka Hajiya, kuka sosai irin na yara, da shekaruna da jikokina. Na tuna ƴaƴana, na ce yanzu in na mutu nan wa zai kai gawata Damagaram, sai a ce ta je yawon buɗe ido ta mutu a kan dutse, ko gaisuwar ma da wane baki za a yi. Ina kuka ina zagin yaron nan a zuciya ina istigfari ina sake zaginshi. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Wani tsoho mai ƴar bukkar shayi a ƙasa kaɗan shi ya hango ni, ya hauro ya kama hannuna yana ya Hajja ya Hajja, ya sauko da ni ya lulluɓe ni da barguna biyu masu warin raƙumi, ya ba ni shayi da wani ganye mai kama da na'ana'a da suke ce ma habak. A nan na yi taimama na yi asuba a zaune.

Ban kai ƙoli ba, in gaya miki gaskiya. Ƙaramin masallacin da ke can sama da cocin da ke gefensa a hoton wayar ƙanena na gan su. Amma daga bakin bukkar nan na ga gari ya waye, duwatsun nan baƙi ƙirin suka fara yin ja ɗaya bayan ɗaya har iya ganina, ba itace ba gida ba motsi, sai na ji ayar nan ta suratu Ɗaha ta zo bakina, inda aka ce ma Annabi Musa ya cire takalmansa yana kwari mai tsarki Ɗuwa, na dubi ƙafata ga ni da silifas ɗaya, sai kuka ya koma dariya, tsohon ya ɗauka na zautu.

Wani zai shigo ya ce miki bidi'a ce, gara ki ji daga bakina. Akwai hadisin da ya ce ba a ɗaura sirdi don ibada sai zuwa masallatai uku, kuma an ruwaito Abu Huraira ya je Ɗur ya dawo wani sahabi ya ce mishi da na riske ka kafin ka fita da ba ka je ba. Malamai ma ba duka suka yarda wannan dutsen ne ainihin wurin ba. Ni dai malamina ce min ya yi in don kallo da tunani ne ba laifi, kar dai in ɗauka lada ce ta musamman ko in ɗebo ƙasa in ce tabarruki. Ki tambayi naki.

In kin ƙudura zuwa, ki ɗauki jagoranki ke kaɗai da yaronki ko da ya fi tsada, ki ce mishi tafiyarki za a bi, kuma yaronki kar ya saki hannunki ko me zai faru. Takalmi mai igiya, safa biyu, bulzon mai kauri, hular sanyi a ƙarƙashin hijabi, safar hannu, tocila ta gaske ba ta waya ba, sanda. Ki sa dabino da kilishi a sak da canjin kuɗin Masar ƙanana don shayi da hayar bargo, kuma ki daidaita kuɗin raƙumi tun kina ƙasa kafin ki ɗaga ƙafa. Banɗaki kam sai haƙuri, kar ki cika ciki da shayi tun a mota. Ki ga likitanki kafin tafiya musamman in akwai hawan jini ko asma, ni ban yi ba. Saukowa kuma ta fi hawa cin gwiwa, wannan ba wanda ya faɗa min, sati biyu na yi ina sallah a kujera. In suka ce ga gajeriyar hanya a sauka ta matakala, wadda ake ce ma matakalar tuba, 3750 ce, ki ce a'a, ki koma ta hanyar raƙuma.

Da a ce yau ne, ba zan je a Janairu ba, zan jira sanyi ya sassauta, in kwana a ƙauyen in huta tukuna. A gindin dutsen akwai tsohon gidan ibadar Kiristoci na Santa Katarin tun ƙarni na 6 zamanin sarkin Rum Jastiniyan, har da masallaci a ciki tun zamanin Fatimiyawa, da safe kaɗai ake buɗewa kuma ban da Lahadi, mu kuwa yaron nan ranar Asabar ya saka mu mota, muka sauko muka tarar da ƙofa a rufe, na zauna a jikin katanga ina ɗaure silifas da leda. Ki ce ma yaronki ya tambayi mai shirya muku tafiyar ko shi da kanshi ya taɓa hawa, kuma a wane wata, don nawa daga baya ƴan makaranta suka gaya min ko Suwez bai taɓa tsallakawa ba.