Tambaya da Amsa: Turancin Ingila ko na Amurka, wanne zan bi a labari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jarida, da Turanci muke rubuta labarai. Edita ya dawo mini da labarina ya ja layi a ƙarƙashin color da center, wai ba haka ake rubuta su ba, alhali kwamfuta ba ta nuna mini kuskure ba. Wa ke da gaskiya? Kuma wace ƙa'ida ce ta fi cancanta in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, editan ma bai zalunce ki ba. Color da center rubutun Amurka ne, a Ingila kuwa colour da centre ake rubutawa. Ƙamus ɗin da Ba'amurke Noah Webster ya wallafa a 1828 na cikin abin da ya kafa wannan bambanci. An saita kwamfutarki ne a kan Turancin Amurka, ki shiga ki canza. Kowace kafa tana da littafin salonta, kamar yadda kamfanonin dillancin labarai na AP da Reuters, da kuma BBC, ke da nasu. Ki nemi na gidan da kike yi wa aiki ki bi shi sau da ƙafa, kada ki gauraya salo biyu a labari ɗaya.

Sai dai ni ba nan hankalina ya fi tashi ba, domin harafi ɗaya a colour ba ya ɓatar da kowa. Kwanan wata shi ne mai ɓatarwa. Ba'amurke da wata yake farawa, Baturen Ingila da rana. Shi ya sa harin 11 ga Satumba 2001 ake ce masa 9/11 a Amurka, wanda a lissafin Ingila 9 ga Nuwamba ke nan. Idan kika rubuta 4/5, rabin masu karatunki Afrilu za su gani, rabi Mayu. Ki rubuta sunan watan da haruffa kawai.

Waƙafi ma ba abin rainawa ba ne. A jerin abubuwa, masu salon Oxford suna sa shi kafin and na ƙarshe, AP kuwa ba ta sa shi idan jerin mai sauƙi ne. Rashin irin wannan waƙafi a dokar ƙwadago ta jihar Maine a Amurka ya sa direbobin wani kamfanin madara suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2017, aka sasanta a kan dala miliyan 5 a 2018. Don haka ko salon gidanku ba ya sa shi, duk inda jimla za ta ɗauki ma'ana biyu, ki sa.

Abin da nake roƙonki da babbar murya shi ne alamar zance. Duk abin da kika saka a tsakaninta kin yi shaida ke nan cewa haka ya fito daga bakin mutum, kalma da kalma. In taƙaitawa kika yi, cire alamar. Kuma wajen nuna wanda ya yi maganar, said ta ishe ki. Claimed tana nuna kina shakkar mai maganar, admitted kuwa tana ɗora masa laifi. Wanda kotu ba ta yanke wa hukunci ba, zarginsa ake yi, alleged ko accused of za ki rubuta, ko da kowa ya gama yanke nasa hukuncin. Mutuncin mutum ne a hannunki, sannan ƙarar ɓata suna tana iya biyo baya.

Saura ƙanana. It's gajarta it is ko it has ce, its kuwa mallaka take nunawa. A salon AP, daga one zuwa nine da haruffa ake rubutawa galibi, daga 10 zuwa sama da lambobi. Kanun labari kuma ana rubuta shi kamar yanzu abin ke faruwa, ko da jiya ne: Senate passes budget.