Ƙaramar amfilifaya mai bawul za ta iya ɗaukar sifikokina?

Tambaya: Malam, na daɗe ina tara kuɗi kafin na sayi amfilifaya mai bawul (wato kwalbar gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti), mai rahusa, kwalba samfurin EL34 ɗaya a kowane ɓangare, hagu da dama, wat 8. Sifikokina kuwa an rubuta musu om 4, desibel 85. Da na ƙara murya sai ganga ta sakwarkwace, sauti ya cakuɗe. Hankalina a tashe yake. Asara na yi, ko wani abu nake lalatawa ban sani ba?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba ka lalata komai ba tukuna. Amma ka ɗora wa amfilifayar kayan da ya fi ƙarfinta.

Desibel 85 ɗin nan, wato ma'aunin ƙarar da sifika ke fitarwa, galibi da bolt 2.83 ake auna shi, wanda a kan om 4 wat 2 ne, ba 1 ba. Ke nan ainihin abin da kake da shi a kan wat 1 kusan 82 ne. Duk ninkin wat desibel 3 kawai yake ƙarawa, don haka wat 8 ɗinka a 91 zai tsaya, shi ma a nisan mita ɗaya. Ka koma kujera mai nisan mita 3, ka ga abin da ya rage. Ga shi kuma om 4, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, suna ne kawai. Wajen ganga yakan faɗi zuwa 3, nan ne bawul yake kasa riƙe sifika tamau. Murya da kiɗan tsirkiya a ƙaramin ɗaki za su yi daɗi ƙwarai. Don cika falo kuwa, ko ka nemi sifika mai desibel 92 zuwa sama, ko amfilifaya mai EL34 biyu a kowane ɓangare, wadda ke ba da wat 35 ko kusa.

Kafin nan, duba bayan amfilifayarka. In akwai mahaɗin om 4 da na om 8, mayar da waya kan na 4. Sai dai ka KASHE ta tukuna.

Nan zan tsaya, domin wannan ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai an kawo mini amfilifaya da taransifomarta ta ƙone, in na bincika sai a ce wai wani gwani ne ya ce a zare wayar sifika kiɗa na tafiya, a gwada wannan mahaɗi da wancan don a ji bambanci. Wai ai in babu sifika hutawa take yi. Wa ya gaya musu? Amfilifaya mai taransista ce ke jure haka. Mai bawul tana da taransifoma tsakaninta da sifika, kuma ƙarfin da ya taru a cikinta dole ya sami mafita. In ka toshe masa hanya sai ya juyo baya, bolt ɗin ya ninka sau da yawa, ya huda rufin siraran wayoyin da ke naɗe a ciki. Na sha buɗe irinsu: warin ƙonannen fenti ya tarye ni, ga baƙin layi tsakanin ƙafafun mazaunin kwalba inda tartsatsi ya tsallaka. Wani lokacin ma ba ta mutuwa nan take, sai bayan makonni ɓangare ɗaya ya fara shaƙewa, mai ita ya ɗauka kwalba ce ta tsufa, ya sayi sabuwa a banza. Taransifomar nan tana cikin mafi tsadar abin da ke cikinta, a ƙaramar amfilifaya irin taka sau da yawa gyaran bai ma cancanci kuɗinsa ba.

Mutanen nan ne kuma za su ce maka ka buɗe cikinta ka ɗan murɗa wani abu ƙarfi ya ƙaru. Don Allah kada ka yi. Akwai bolt 300 zuwa 400 a ciki, kuma kafasitocinta, wato ma'ajiyar wutarta, kan riƙe wuta ko bayan ka zare filogi daga bango.

Ka kashe, ka jira kwalaben su huce, ka sauya waya, ka ja ta da hannu ka tabbatar ta kama a ɓangarorin biyu, sannan ka kunna da murya a ƙasa.